Yadda ake raɗa wa sabon tsiro ko naman kaza sunan kimiyya, daga daji zuwa mujalla

Kusan kowace damina sai ɗalibi ya shigo ofishina a nan Jos da leda a hannu, ko ya turo hoto ta WhatsApp, ya ce: "Malam, a bayan duwatsun Shere na samo wannan, na duba littattafai ban gan shi ba. Yaya zan yi in sa masa suna?" Bana tambayar ta yi yawa, har daga abokan aiki na Abuja, shi ya sa na zauna na jera amsar yadda aikin yake tafiya. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, suna a kan samfuri yake rataye. Busasshen reshen da ka ajiye shi ne shaidarka, kuma kowane mataki da ke ƙasa hidima ce ga wannan reshen.

1. Nemi izini kafin ka tsinki ganye

Idan wurin gandun daji ne na jiha, takarda daga ma'aikatar da ke kula da gandun daji ta jihar za ka nema. Idan gandun ƙasa ne, hukumar kula da gandayen ƙasa ce ke ba da izini. Kurmin Amurum da ke Laminga yana da masu kula da shi, sai ka bi ta hannunsu. Ban da takarda, ka je ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka gaya masa abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san dajin. Akwai duwatsu da kurmi a Filato da mutanen wurin ke girmamawa, ba a shiga sai da yardarsu.

Gargaɗi: ka ajiye lambar takardar izinin. Mujallu da yawa suna tambayarta, kuma ba a samun ta bayan an riga an yi aiki.

2. Tara samfuri mai cikakkiyar shaida

Kayan aikin ba su da tsada: almakashin yankan reshe, wuƙa, ƙaramar fartanya, tsofaffin jaridu, kwalaye, katako biyu na matsi da igiya ko roba, gilashin ƙara girma na hannu, fensir, littafin fili, da waya mai nuna lambobin wuri. Abin da ke cin kuɗi shi ne sufuri da sallamar ɗan jagora, domin da wuya tafiya ɗaya ta isa.

Ga tsiro, ka samo shi da fure, da 'ya'ya in da hali. Reshe mai ganye kawai ba ya gamsar da kowa. Ƙaramar ciyawa a tono ta da saiwa ko kwararonta. Itace kuwa a yanki reshe da bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, a rubuta tsayinsa da kamannin ɓawonsa da launin ruwan da ya fito da aka sare shi. Ka ɗebi kwafi uku zuwa biyar daga tsiro guda, duka a ƙarƙashin lamba ɗaya, wato sunanka da lambar tarinka. Idan tsiron bai fi guda biyu ko uku a wurin ba, ka ɗauki kaɗan ka bar saura.

A nan take, kana tsaye a gabansa, ka rubuta abin da bushewa za ta ɓatar: launin fure, ƙamshi, ko a kan dutse yake ko a bakin rafi ko a gefen tsohon ramin kuza, tsayin wurin daga saman teku, kwanan wata, da sunan da mutanen wurin ke kiran sa, ko da Berom ne ko Izere ko Ngas ko Hausa. Ka tambayi dattijon da ya raka ka, "Baba, me kuke ce wa wannan, me ake yi da shi?" Amsarsa takan buɗe hanya. Sa'an nan ka yagi ɗanyen ganye mai lafiya, ka sa a ƙaramar ambulan cikin gishirin silika mai shanye danshi, domin gwajin DNA.

Naman kaza ya fi tsiro saurin lalacewa. A tono shi da gindinsa duka, kada a fizge shi, domin wasu alamominsa a cikin ƙasa suke, kamar doguwar jijiyar Termitomyces da ke nutsewa cikin suri. A samo ƙarami da matsakaici da wanda ya buɗe hula. A ɗauki hoton sama da ƙasa da kuma wanda aka tsaga biyu, da ma'auni a gefe. A rubuta ko launinsa na sauyawa idan an murza shi, da abin da ya tsiro a kai: ruɓaɓɓen icce, kashin shanu, suri, ko gindin wane itace. Da ka dawo, ka kife hula ɗaya a kan farar takarda, ka rufe da kofi ta kwana, da safe za ka ga launin ƙurar irin da ta zubo.

Gargaɗi: kada ka sa naman kaza a leda. Wata shekara a watan Agusta na taro wasu masu kyau a kusa da Assop, na ɗaure su a leda na bar su a bayan mota har magariba. Da na kwance, baƙin ruwa da tsutsa na tarar, kuma na koma wurin damina biyu ban sake ganin irinsu ba. Har yau abin yana damuna. Ka naɗe kowanne daban a takarda, ka jera a kwando.

Gargaɗi na biyu: furen da ka tsinka a watan Yuni da 'ya'yan da ka koma ka ɗebo a Satumba tari biyu ne, ko da daga itace ɗaya suka fito. Kowanne da lambarsa. Za ka ga dalili a mataki na 6.

3. Busarwa

Ka shimfiɗa tsiron a cikin jarida, ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, ka sa kwali tsakanin kowane samfuri, ka ɗaure tam. A damunar Jos, da sanyinta da danshinta, sai ka sauya jarida kullum, in ba haka ba fumfuna za ta cinye aikin cikin kwana uku. Masu kauri da ruwa irin su kerana sai an tsaga su an kashe su da barasar gwaji ko ruwan zafi kafin matsi, kuma ka kiyayi idonka da nononsu. Naman kaza a busar da shi ranar da aka taro shi, da ɗumi marar tsanani, kamar digiri 40 zuwa 45. Zafin da ya wuce haka yana lalata DNA. Bayan bushewa a sa samfurin a firiza na wasu kwanaki don kashe ƙwari, sa'an nan a manna tsiron a kan takardar habariyam (ma'ajiyar busassun tsirrai), wadda girmanta ya kai kamar santimita 29 da 42, da takardar bayani a kusurwar ƙasa.

4. Tabbatar da cewa sabo ne

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane ke gaggawa. Zan faɗa maka gaskiya: mafi yawan abin da ake kawo mini a matsayin sabo yana da suna tun kafin a haifi kakanninmu. Rashin ganin sa a littafin da ke hannunka ba hujja ba ce.

Ka fara da gano danginsa da jinsinsa. A sunan kuka, *Adansonia digitata*, kalmar farko ita ce jinsi, biyun a haɗe su ne nau'i. Ka bi mabuɗai, wato jerin tambayoyin siffa da ke kai ka ga suna, na littafin *Flora of West Tropical Africa* na Hutchinson da Dalziel, bugu na biyu da Keay da Hepper suka sabunta tsakanin 1954 da 1972. Littafin ya tsufa, sunaye da yawa sun sauya, don haka duk sunan da ka samu ka duba matsayinsa na yau a Plants of the World Online na lambun tsirrai na Kew da ke Landan da African Plant Database na Janiba. Idan kana da sunan Hausa, ƙamus ɗin sunayen tsirrai da Dalziel ya fitar a 1916 yana iya nuna maka inda za ka dosa. Ga naman kaza, Index Fungorum da MycoBank ne wuraren duba sunaye.

Daga nan sai ka jera duk nau'o'in wannan jinsin da aka sani a Afirka, ba a Najeriya kaɗai ba. Tudun Jos ya haura mita 1,200, kuma wasu tsirransa 'yan'uwansu suna tsaunukan Kamaru ne ko gabashin Afirka. Abin da bai taɓa fitowa a jerin Najeriya ba yana iya zama sananne a Bamenda. Idan haka ne, ka samu sabon rahoto ga ƙasa, wanda shi ma abin bugawa ne mai daraja, amma ba ya buƙatar sabon suna.

Ga kowane nau'i da ya yi kama da naka, ka nemo abu biyu: bayanin farko da aka buga sunansa a ciki, da samfurin da sunan ke rataye a kansa. Tsofaffin bayanai da yawa suna Biodiversity Heritage Library kyauta. Hotunan samfuran suna shafukan habariyam na Kew da Faris da Meise ta Beljiyam, da kuma JSTOR Global Plants. Amma hoto ba ya nuna gashin bayan ganye ko cikin fure. Ka tanadi kuɗin mota ka je habariyam na cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, wanda ake taƙaita sunansa da FHI, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ka zauna da samfurinka a gefe ka gwada ido da ido. Ka jiƙa busasshen fure a ruwan ɗumi, ka buɗe shi a ƙarƙashin madubi, ka auna kowane sashe. Ga naman kaza, ka auna ƙwayoyin iri 20 zuwa 30 a madubin likita, ka gwada su da ruwan Melzer, wani ruwan gwaji mai aidin, ka ga ko sun koma shuɗi-baƙi.

Kuma ka rubuta wa masanin da ya ƙware a wannan dangin, ko a ina yake. Tambaya ba ta rage maka komai, kuma sau da yawa amsar layi biyu takan cece ka daga wahalar shekara.

Gargaɗi: tsiron da wuta ta bi ta kansa, ko dabbobi suka yi ta ci, ko ya fito a tsagar dutse, yakan gajarce ya sauya kama. Bambancin girma kaɗai ba ya yin nau'i. Ka nemi alamomi biyu ko uku da ba sa sauyawa a duk samfuran da ka duba.

Dalilin wannan wahalar shi ne dokar fifiko: sunan da ya riga fitowa shi ke cin gado, kuma lissafin yana farawa daga 1753. Kaɗanya ta daɗe ana kiran ta *Butyrospermum*, amma da yake *Vitellaria paradoxa* ya riga shi, tun 1807, shi ne ya tabbata. Idan ka raɗa wa mai suna wani suna, naka zai koma jerin sunayen da aka jingine, da sunanka manne a jikinsa.

5. Gwajin DNA

Dokar raɗa suna ta duniya ba ta wajabta shi ba. Ga tsirrai, mujallu na karɓar aikin da ya tsaya a kan siffa idan ya yi ƙarfi. Ga naman kaza da danginsa kuwa, da wuya edita ya saurare ka babu shi. Sashen da ake kira ITS shi ne aka amince da shi a 2012 a matsayin tambarin gane su, ana kuma ƙara wani sashe mai suna LSU da wasu idan jinsin mai rikitarwa ne. Ga tsirrai, rbcL da matK ne aka saba, tare da ITS. Wannan matakin ne ya fi cin kuɗi, domin ana biya ne a kan kowane samfuri da kowane sashe, kuma farashin yana bin dala. Ka sa shi a kasafin tallafin bincikenka tun farko, ko na TETFund ne ko wani.

Gargaɗi: idan ka sa jerin DNA ɗinka a BLAST, manhajar da ke gwada shi da jerin da aka riga aka tara, ya nuna kashi 96 ko 97 cikin ɗari da wani nau'i, wannan bai nuna sabo ne ba. Naman kazan Afirka da yawa da aka raɗa wa suna tun da daɗewa ba a taɓa karanta DNA ɗinsu ba, wasu jerin kuma da ke GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, sunan da ke kansu kuskure ne. Ka gina bishiyar dangantaka, ka fifita jerin da aka ciro daga samfuran asali, wato waɗanda sunaye ke rataye a kansu. Idan ka gama ka ɗora naka a GenBank, kyauta ne, ka karɓi lambobinsa.

6. Zaɓi samfurin asali, ka ajiye shi a gida

A cikin kwafin da ka tara, mafi cika shi ne zai zama samfurin asali, wanda ake rubuta wa *holotypus*. Sauran kwafin wannan lambar su ne *isotypus*. Dole samfurin asali ya fito daga tari guda: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, mai tarawa ɗaya ko tawaga ɗaya. Wanda ya haɗa furen Yuni da 'ya'yan Satumba ya kira su samfurin asali, sunansa bai inganta ba. Hoto ko zane ba ya tsayawa a madadin samfuri ga tsiro tun daga 2007. Ƙananan halittun da ake rainon su a kwano kuwa, sai an daskare su ko an busar da su yadda ba sa girma, kuma tun daga 2019 dole a faɗi haka a rubuce.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Samfurin asali ya zauna a Najeriya, a habariyam da ke cikin rajistar Index Herbariorum wadda lambun tsirrai na New York ke riƙe da ita, kwafi kuma a aika Kew ko Meise ko Faris saboda gobara da gara. Yawancin samfuran asali na tsirranmu suna Turai, shi ya sa ɗalibi a Jos yake buƙatar biza kafin ya taɓa shaidar itacen da ke bayan gidansu. Kada mu ƙara wa na bayanmu wannan nauyin. Kabad ɗin ofishinka kuma ba ma'ajiya ba ce.

Gargaɗi: aika samfuri waje yana buƙatar yarjejeniya a rubuce tsakanin cibiyoyin biyu da takardar lafiyar tsiro daga NAQS, hukumar killace kayan noma ta ƙasa. Idan tsiron yana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, kamar dangin okid duka, sai da ƙarin izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Abuja.

7. Zaɓen suna

Kana iya ɗauko shi daga siffa, ko wuri, ko mutum, ko sunan gida. Na wuri yakan ƙare da *-ensis* ko *-ense*, kamar maɗaci, *Khaya senegalensis*. Na mutum kuwa akwai ƙa'ida: sunan namiji da ya ƙare da baƙi yana ɗaukar *-ii*, shi ya sa hano ya zama *Boswellia dalzielii*, na mace kuma *-iae*. Sunayenmu da yawa da wasali suke ƙarewa: Bello zai ba da *belloi*, wanda ya ƙare da a kuma *e* kawai ake ƙara masa, Garba ya zama *garbae*. Wanda ya fi burge ni shi ne sunan gida a yadda yake. Itacen doka sunansa a duniya *Isoberlinia doka*, kalmar Hausa ce ta shiga haka nan.

Ka duba IPNI, rajistar sunayen tsirrai ta duniya, ko Index Fungorum ka tabbatar ba a taɓa amfani da wannan haɗin ba. Kada kalma ta biyu ta maimaita ta farko, dokar tsirrai ta hana. Ba a sa ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ a sunan. Raɗa wa tsiro sunan kanka ba al'ada ba ce. Kuma taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Madrid a 2024 ya buɗe hanyar soke sabbin sunayen da ke cin zarafin wata al'umma, daga 1 ga Janairu 2026.

8. Rubuta maƙalar

Kundin dokar raɗa wa tsirrai da naman kaza suna yana intanet kyauta, ka karanta sassan da suka shafi inganta suna da kanka. Abubuwan da rashinsu ke rusa suna su ne waɗannan. Sunan da matsayinsa, wato *sp. nov.*, ma'ana sabon nau'i. Bayanin siffa ko na bambanci da Ingilishi ko Latin: daga 1935 zuwa ƙarshen 2011 Latin ne tilas, daga 1 ga Janairu 2012 aka yarda da Ingilishi, Faransanci ko Hausa kuwa sai dai su zo a matsayin ƙari. Ambaton samfurin asali, wajibi tun 1958. Sai amfani da kalmar *typus* ko *holotypus* ko makamanciyarta tare da sunan habariyam guda ɗaya da yake ciki, wajibi tun 1990.

Sauran kuma su ne ke gamsar da masu bita: gajeren sakin layi da ke cewa ya yi kama da wane, ya bambanta da shi ta kaza da kaza, cikakkiyar siffa daga saiwa zuwa iri, jadawalin gwadawa, mabuɗi, zane mai ma'auni, hotuna, taswira, lokacin fure, ma'anar sunan, da sauran samfuran da ka duba. Ka ƙara kimanta haɗarin ɓacewarsa bisa ma'aunin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. Manhajar GeoCAT tana lissafa faɗin yankinsa, kai kuma ka faɗi abin da ka gani da idonka: haƙar ma'adinai, fasa dutse, gona, kiwo ko gobarar daji. Ka ambaci wanda ya nuna maka tsiron.

Gargaɗi: duk sharuɗɗan nan su kasance a cikin maƙalar kanta. Abin da aka tura zuwa wani fayil na daban ba ya cikin lissafi.

9. Rajistar naman kaza

Tun daga 1 ga Janairu 2013, sabon sunan naman kaza ko danginsa ba ya inganta sai da lambar rajista daga ɗaya cikin uku: MycoBank, Index Fungorum, ko Fungal Names na Sin. Ɗaya ta isa, ba a biya, kuma dole lambar ta fito a cikin maƙalar. Idan masu bita suka sa ka sauya sunan, ka koma ka gyara rajistar kafin bugu.

10. Mujalla da kuɗinta

Tun 2012 ana karɓar bugun intanet, muddin PDF ne a mujalla mai lambar ISSN ko littafi mai ISBN, kuma bugun ƙarshe ne. Ga tsirrai akwai Kew Bulletin, Phytotaxa, PhytoKeys da Adansonia. Ga naman kaza akwai MycoKeys da Persoonia. European Journal of Taxonomy da Adansonia ba sa karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu. PhytoKeys da MycoKeys ana biya, don haka ka tambayi rangwame kafin ka miƙa aikin, kada ka bari sai an karɓa. Ka karanta maƙalu biyu na baya-bayan nan daga mujallar da ka zaɓa, ka bi tsarinsu har zuwa waƙafi.

Gargaɗi: kundin digirinka na biyu ko na uku da ke laburaren jami'a, a yawancin hali, ba bugu ba ne a idon doka. Haka jarida. Kada ka yaɗa sunan a taro ko a Facebook kafin ya fito.

Gargaɗi na biyu: dokar ba ta sharɗanta bita ba. Ma'ana, mujallar da ta yi maka alkawarin bugu cikin mako guda idan ka biya tana iya sa sunan ya inganta, kuma kuskuren da ke ciki ya zauna ke nan, ba a janye suna kamar yadda ake janye magana.

11. Bita da abin da ke bayanta

Masu bita za su dawo da gyara, wani lokaci bayan watanni. Ka amsa kowace magana ɗaya bayan ɗaya, inda ba ka yarda ba ka kawo ma'auni. Idan sun nuna maka tsohon sunan da ya kuɓuce maka, ka koma mataki na 4. Kwafin ƙarshe da za a turo maka ka duba, ka bi harafin sunan, lambar tari, taƙaitaccen sunan habariyam, lambobin GenBank da ta rajista, ka gwada su da takardar da ke jikin samfurin, domin bayan fitowa ba a taɓa PDF ɗin.

Ranar da ya fito, ka aika kwafi ga kowane habariyam da ke riƙe da samfurinka don su manna masa takardar shaida su mai da shi jakar samfuran asali. Ka sanar da IPNI idan tsiro ne, ka sa a buɗe jerinka a GenBank da sabon sunan. Sa'an nan ka buga shafin da ke da hoton, ka ɗauka ka koma ƙauyen, ka kai wa mai unguwa da dattijon da ya raka ka, ka nuna musu inda aka rubuta sunan dutsensu da sunan da suke kiran tsiron.